Takalmin ankon da na kai Landan

Tun da na dawo daga Landan ba ku bar ni na sha ruwa ba. Duk wadda ta shigo sayen atamfa sai ta baje a kan kujera ta ce, Hajiya Binta yaya garin, yaya sanyi, me kika gano mana? Ni kuma in ce lafiya lau, in jawo zancen yadi. To na gaji da kewaye-kewaye. Ga labarin nan gaba ɗayansa, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, amma ku sani ba duka ne mai daɗi ba.

Wajen ƙanwata Rakiya na je. Ni na raine ta bayan rasuwar Innarmu, ni na yi mata kitso, ni na kai ta ɗakin miji, mijin ya ɗauke ta zuwa Ingila tun tana da ƙuruciya. 'Yan shekarun baya Allah ya yi masa rasuwa, ya bar ta da 'ya ɗaya, Safiya. Bayan takaba Rakiya ta rufe kanta a gida. In na kira ta sai in ji muryar kamar daga cikin rijiya, in yi faɗa, in yi lallashi, duk a banza. Sai bara na ji murya ta dawo, har da dariya. Na tambayi dalili, ta ce wai wasa ta shiga, sunansa pikilbol.

Na ce, "Wasa? Rakiya, da girmanki da furfurarki?"

Ta ce, "Yaya, abu biyu za ki zo gani. Safiya za ta karɓi digiri, sannan ƙungiyarmu za ta yi gasa, ni ma ina ciki. Kowa ya zo Landan wajen Safiya yake zuwa, ko asibiti, ko sayayya. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ga abin da ni nake yi. Ke nake so ki gani."

Na ce to, Allah ya kai mu. Amma gaskiya hankalina duk yana kan bikin digiri, don kun san ni da anko. Sana'ata ce, bikin da na haɗa wa anko a garin nan ba ya ƙirguwa, sai na 'yar ƙanwata ne zan yi wa riƙon sakainar kashi? Na zaɓo leshi ruwan zuma, gwaggwaro, jaka, da takalmi filat mara tsini mai duwatsu, irin wanda in rana ta haska shi sai kin kare ido. Lambar ƙafar Rakiya a kaina take, ban ma tambaye ta ba.

Da labari ya bazu cewa zan tafi, sai ga saƙo kamar ni ce gidan waya. Wannan ta kawo kuka a kai wa ɗanta, waccan daddawa, wani yaji, wani kilishi. Ban iya cewa a'a ba. Muka ɗauki hanyar Abuja a mota ina rungume da jakar anko a cinya don kada a danne min gwaggwaro. A jirgi aka haɗa ni kujera da wani dattijo ɗan Sakkwato da zai je ganin likitan ido, ya yi ta ba ni labarin jikokinsa har barci ya sace shi a tsakiyar magana. Abincin da aka kawo mana kuwa, ɗan dankali ne da kaza da ba ta san gishiri ba, na ci don kada in faɗi.

A filin jirginsu kare ne ya fara tarbata. Wallahi kare, da rigarsa ta aiki. Ya shinshina akwatina ya zauna a gabanta ya ƙi tashi, ni kuwa ina ta ja da baya ina tattare mayafi. Aka kai ni gefe, wata ma'aikaciya ta sa safar hannu ta buɗe. Kilishi dai ta ce ba ya shiga ƙasarsu, ta jefa shi a kwandon shara ina kallo, kilishin da aka yi takanas aka sayo. Ta ɗaga ƙullin kuka tana juya shi, na yi mata alamar kaɗa miya da hannu har ta gane. Da ta zo kan yaji na ce mata kada ta buɗe, ba ta ji ni ba. Atishawar da baiwar Allah nan ta yi, ita da abokin aikinta, ita ce ta sa aka sallame ni da wuri.

Ina fitowa na hango Rakiya. Ta rame irin ramar lafiya, fuska ta yi haske, ga doguwar riga da hijabi tsaf, amma a ƙafarta wani shirgegen kambas irin na 'yan ƙwallo. Muka rungume juna muka yi kuka. Ban gama share hawaye ba na ce, "Wannan kuma wane irin takalmi ne kamar za ki gona?" Ta yi dariya ta karɓi akwatin.

Muka shiga jirgin ƙasa zuwa unguwarsu, Abbey Wood, can ƙarshen layi. Na shiga da sallama, na gaida na kusa da ni, ya dube ni kamar na roƙe shi wani abu. Taragu cike da mutane amma tsit, kowa ya dasa ido a waya. A garinmu kafin a kai tasha ta biyu an san sunan mijinki da abin da ya kawo ki.

Gidan Rakiya flat suke ce masa, a hawa na sama, ɗakuna biyu da falo, kicin ɗin in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ta yi gefe. Na ji gidan ba ƙamshi, na ciro turaren wuta na kunna. Ai kuwa sai wata na'ura a silin ta ɓarke da ihu, Safiya ta fito a guje tana kaɗa tawul, maƙwabciya ta leƙo. Safiya tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, sai dai ranar ta yi ƙoƙari ta ce min, "Anti, ba wuta a nan, don Allah."

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne Rakiya ba ta tafiya ba takalmi ko a cikin ɗaki. Ta cire na waje ta zura wani mai kauri. Na ce mu dai ba haka aka koya mana ba. Sai washegari da asuba na gane. Na ga ta sauko da ƙafa daga gado a hankali, ta dafa bango, ta taka tana cije leɓe. Ta ce ciwon diddige ne, yana bi har tsakiyar tafin ƙafa inda ya loɓa, takun farko na safe kamar ta taka ƙusa, sai ta ɗan motsa yake saki. Likitan gashin ƙashi ya ce wata jijiya ce da ta miƙe daga diddige zuwa yatsu take wahala, kuma maganinta na farko takalmi ne. Na ce ai man zafi kawai za a murza. Da rana ƙishi ya kama ni na buɗe firiza na ɗauko wata gorar ruwa mai ƙanƙara, Safiya ta yi tsalle ta ƙwace. Ashe gorar da uwarta ke murzawa a ƙarƙashin ƙafa ce.

Kambas ɗin da take wasa da shi ya gaji, don haka kafin gasa sai an sayi sabo. Muka tafi da abokiyar wasanta, Rifkatu, 'yar Jos ce, nas ce da ta yi ritaya. Ita ce ta yi ta buga wa Rakiya ƙofa bayan takaba har ta fito da ita. Mace mai faram-faram, ga baki kamar ni, muna haɗuwa muka ƙulle. Na ce mu fita da sassafe, suka ce a'a, sai da yamma ake gwada takalmi, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura. Ni da nake sayar da takalmi tun kafin a haifi Safiya ban taɓa jin wannan ba.

A kantin nan na ga abin mamaki. Rakiya ta ɗauki takalmi ta matse bayansa da yatsu, in ya lotsa ta ajiye. Ta ce bayan dole ya yi tauri ya riƙe diddige kada ya riƙa rawa. Ta kama gaba da baya ta murɗa kamar mai matse wanki, in ya murɗu ta ajiye. Ta lanƙwasa shi, ta ce wajen yatsu kaɗai ya kamata ya lanƙwasu, in ya karye a tsakiya ba zai tallafi tafin ƙafa ba. Ta zura hannu ciki tana laluben ɗan tudun da zai cike loɓin nan, da laushin da ke ƙarƙashin diddige. Ta ciro shimfiɗar ciki ta ga ko za ta iya sa tata da likita ya ba ta.

Na hango wani mai kyau, fari da ruwan hoda, mara nauyi, na ce ga wannan. Rifkatu ta ce, "Yaya Binta, wannan na gudu ne. Mai gudu gaba kawai ya sani. Mu a fili gefe da gefe muke yi, ki tsaya cak ki juya. In kika sa wannan ƙafa za ta gurɗe." Ta tashi a tsakiyar kanti tana gwada min, hagu, dama, da ƙatuwar jakarta a kafaɗa. Rakiya kuma ta sa safar wasanta, ta ɗaure igiya, ta danna babban yatsa a gaba ta ga akwai sarari, ta yi ta zirga-zirga. Wanda ta zaɓa ƙarshe shuɗi ne mai faɗin baki, mummuna na gaske. Na faɗa mata haka. Ta rungume kwalinsa a bas har gida.

Kwana kaɗan bayan nan ta ce in raka ta atisaye. Ni kuma saƙon mutane ya tsaya min a wuya, kullum waya daga gida, an kai? an kai? Na ce, "Bari in sauke nauyin nan tukuna, ai ranar gasa zan gani gaba ɗaya." Ta ce ba komai. Safiya ta raka ni Tottenham, tafiya kamar za a bar gari. Can na ga Afirka zalla, doya a bakin titi, manja, busasshen kifi. A wani shago na haɗu da wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, Hausarta daban amma muka fahimci juna, ta cika ni da shinkafa da wake irin tasu har na kasa tashi. Wanda aka aiko wa kilishi kuwa ya karɓi labarin karen nan da fuskar da ta nuna bai yarda ba. Muka dawo muka tarar Rakiya ta riga mu, gumi bai gama bushe mata ba, tana ta zuba wai ta yi wani bugu da ya sa aka tafa. Na ce madalla, na shige in yi sallah. Atisaye na biyu ma ban je ba, ruwan sama ake yi, na ce sanyi zai kama min ƙirji.

Ranar digiri ta zo. Na tashi na goge leshi, na ɗaura wa kowa gwaggwaro, har Rifkatu na zo mata da nata, don Rakiya ta ce in haɗa da ƙawarta tun ina gida. Muka fito falo kamar amare. Ina duba ƙasa sai na ga kambas yana leƙowa daga ƙarƙashin zanin Rakiya.

Na ce, "Me zan gani haka?"

Ta ce, "Yaya, zanin ya rufe shi, ba mai lura. Tsayuwar yau da yawa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Na ɗauko anko tun daga gida, na rungumo shi a cinya, ki sa min wannan a ƙarƙashin leshi? Hoton nan har Kano za shi. So kike a ce 'yar Inna ta je Turai ta zautu? Yini ɗaya ne, ba kashe ki zai yi ba."

Rifkatu ta buɗe baki, Rakiya ta yi mata ido. Ta zauna ta kwance igiya ta zura filat ɗin. Ƙasansa siriri ne, ba tudu ba laushi, ga shi ya ɗan matse ta, don ƙafar da na sani ta ƙuruciya ce. Rifkatu ta ce a sa kambas ɗin a leda a tafi da shi. Na ce ba mai riƙe min leda a cikin hoto. Ita kanta Rifkatu ba ta sa takalmin ankon ba, ta ce, "Ni ba ƙanwarki ba ce, Yaya Binta," ta yi dariya ta fita da nata.

Wajen bikin a Aldwych yake, tsakiyar gari. Bas ɗinmu ya sauke mu tun da nisa, wai an rufe hanya ana gyara, muka taka da ƙafa a kan duwatsun titi. Daga nan layin karɓar riga, layin shiga, matakala, layin hoto. Ba kujera ko ɗaya a waje. Su bikinsu ba a zama a ci a sha, ɗan biskit ne da lemo a tsaye. Da aka kira sunan Safiya na rangaɗa guɗa, Turawan da ke gabanmu suka zabura, wasu suka juyo suna tafa min. Mutane suka yi ta tsayar da mu suna yaba kayan, wata tsohuwa har taɓa gwaggwarona ta yi. Kaina ya kumbura, na ce wa Rakiya, kin gani ko? Ta yi murmushi. Na ga tana jingina da bango, na ga tana ɗaga ƙafa ɗaya, na ɗauka gajiya ce irin ta kowa. Safiya ta so a ɗauki hoto a bakin kogi, muka sake takawa. Rakiya ta biyo mu a hankali.

A jirgin komawa ta cire takalmin ta riƙe a hannu. Da muka iso Abbey Wood sai da Safiya da Rifkatu suka riƙe ta gefe da gefe.

Washegari ƙafar ta ƙi taɓa ƙasa. Da rarrafe ta je alwala, ƙanwata da ta haifi mai digiri. Safiya ta kira ta nemo mana lokacin ganin likitan gashin ƙashi, muka je. Ya danna diddigen ta yi ƙara. Ya tambayi me ya faru, ta ce ta yi doguwar tafiya ne, ba ta ambaci takalmi ba, ba ta dube ni ba. Ya naɗe mata ƙafar da filasta, ya ce makonni za ta yi ba wasa, in ta matsa jijiyar na iya yagewa, daga nan kuma sai watanni. Gasa saura kwana kaɗan, jirgina kuma washegarin gasar.

Kwanakin nan ni na riƙa ɗauko gorar ƙanƙara. Na yi tuwo da miyar kukar da ta tsira daga hannun kare, na kai mata har gado. Na so in ce ta yafe ni, sai na ɓige da faɗa wai me ya sa ba ta gaya min tana jin zafi ba. Ta ce, "Yaya, yaushe na taɓa musa miki?" Na tashi na shiga kicin na tsaya a gaban tukunya ba abin da nake dafawa.

Ranar gasa na fito na tarar da ita a falo ta sa kayan wasa, dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi, tana ɗaure igiyar shuɗin takalmin nan. Ta sha maganin ciwo. Rifkatu na tsaye a bakin ƙofa ranta a jagule, ta ce ta yi magana har ta gaji.

Rakiya ta ce, "Zagaye ɗaya kawai zan yi. Gobe za ki tafi, Yaya. Wa ya san ko za su sake ba ki biza, wa ya san ko muna da rai?"

Ta miƙe ta taka, na ga yadda fuskarta ta canza kafin ta gyara ta. Wallahi ina so in gani. Ban taɓa son ganin wani abu kamar yadda na so a lokacin ba. Amma wasan nan shi ya fito da ita daga ɗaki, in jijiyar ta yage ɗakin za ta koma, ni kuma ina can Kano ina auna yadi.

Na ce, "Cire."

"Yaya..."

"Na ce ki cire. Ba za ki buga ba."

Ta dube ni, idonta ya ciko. Ta zauna. Ni na durƙusa na kwance mata igiyar.

Duk da haka muka je, a tasi. Wani babban zaure ne, an ja layuka a ƙasa an ɗaura raga gajeriya. Abin bugun kamar ƙaramin faifai mai mariƙi, ƙwallon ta roba ce mai huji-huji, ƙararta ƙwas, ƙwas. Yawancinsu dattawa ne, Turawa, Indiyawa, namu, wasu sun girme ni. Muna shiga aka yo kanta, Rakiya, Rakiya, wannan ya riƙe mata jaka, waccan ta jawo kujera ta ɗora mata ƙafa. Wani tsoho mai gajeren wando ya yi min dogon bayani, Safiya ta fassara, wai a bakin raga ba wanda suke tsoro kamar ƙanwata. Ni da na raine ta sai a bakin baƙo na ji.

Aka haɗa Rifkatu da wata mata da ba su saba ba. Aka fara. Ban gane ƙirgensu ba, ban san wa ke ci ba. Can na ji wani abu na taɓa min cinya, na duba. Hannun Rakiya ne. Idonta na kan fili, ba ta ma san tana yi ba, duk ƙwallon da ta nufo gefen Rifkatu sai hannun ya ɗaga, wuyansa ya juya, ya tare, ya mayar. Wani sa'in a hankali, wani sa'in da sauri, har kafaɗarta na bi. Na daina kallon fili, na zuba wa hannun ido har aka tashi, ina share fuska da bakin mayafi.

Iyakar abin da na gani na wasan Rakiya ke nan.